Ba Wuta Kaɗai Ke Tsayar Da Injinan Sharaɗa Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in faɗi wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya game da masana'antunmu.

Duk lokacin da aka tayar da zancen abin da ya durƙusar da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano, ko masaƙun Kaduna irin su KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, abu uku ake lissafawa: wuta, dala, da kayan waje da suka cika mana kasuwa. Babu ƙarya a ciki. Sai dai akwai wata asara da ban taɓa jin an ambace ta a taro ko a rediyo ba, kuma ita ba daga Abuja take zuwa ba. A cikin harabar masana'anta ake yin ta, da hannunmu, kowace rana. Asarar rashin tsara aiki nake nufi, da kuma rushe tsarin bayan an yi shi.

Ni mai tsara jadawalin aiki ne a wata masana'antar roba da ke Sharaɗa. Muna yin bokiti, baho, kujera, kofi, faranti da buta. Aikina shi ne in haɗa odar 'yan kasuwa da abin da ke sito, in yanke wane inji zai yi wane kaya, da wane launi, daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, wa zai tsaya a kansa da safe, wa zai karɓe shi da dare. Wanda bai sani ba zai ɗauka aikin akawu ne. Amma da yawa daga ribar masana'anta ko faɗuwarta a kan wannan takardar ake yanke ta tun kafin a kunna inji.

Bari in ɗan yi wa mai karatu bayanin yadda injinmu yake, don maganar ta fito. Yana narka ƙwayoyin roba da zafin da ya haura digiri 200, ya tura narkakkiyar cikin ƙarfen zubi, wato mol, ruwan sanyi ya daskarar da ita, mol ya buɗe, bokiti ya faɗo. Kowane kaya da nasa mol ɗin. Idan za a bar bokiti a koma baho, sai an tsayar da inji, an kwance tiyon ruwa, an sassauta kusoshi, an ɗaga mol da sarƙa an sauke, an ɗora wani, an daidaita shi, an gwada har kayan su fara fita lafiya. Mol ɗin kujera ya fi tan ɗaya nauyi. A wurinmu canjin babban mol yakan ci awa uku idan komai ya tafi daidai.

To ga lissafin. Injin da ke fitar da bokiti ɗaya kowace daƙiƙa 30 yana ba da 120 a awa. Awa uku na canji bokiti 360 ke nan da ba a yi ba. Idan aka cire mol ɗin bokiti a tsakiyar aiki don a yi wa wani baho, sai an sake mayar da shi daga baya, asarar ta zama 720. Albashi na tafiya a duk waɗannan awoyin, hita na cin wuta, kwamfureso na aiki. Babu littafin akawu da zai nuna maka wannan 720 ɗin, shi ya sa ba a ganinta.

Yanzu ga yadda abin ke faruwa. Na kafe jadawalin mako ranar Asabar. Talata da hantsi sai wayar mai masana'anta ta shigo wa foman: "Alhaji wane na Sabon Gari ya kira ni, motarsa ta Maraɗi za ta tashi gobe, a yi masa baho dozin ɗari yanzu." Foman ba shi da bakin cewa a'a. Sai ya ce, "To, ranka ya daɗe," ya sa a sauke mol. Alhaji wane ya samu kayansa, ya yi godiya. Mutum huɗu da aka yi wa alkawarin Laraba kuwa sai Juma'a, kuma cikin su biyu za su kira mai gida su ma, domin sun gane cewa a nan wanda ya fi kira shi ke samun kaya. Kafin mako ya ƙare, kowace oda ta zama ta gaggawa, jadawalin kuma ya koma takardar da aka manta a bango.

Ba ina ganin laifin kara da mutunci ba ne. Kasuwancin Kano da su aka gina shi, kuma dilan da ya yi shekaru yana ɗaukar kayanka ya cancanci alfarma. Abin da nake cewa shi ne alfarmar nan tana da farashi, ya kamata mai yin ta ya san nawa ta ci kafin ya amsa. Abin da na roƙi mai gidanmu ke nan: kada a taɓa aikin yau da na gobe, an rufe su. Daga jibi zuwa gaba a yi duk canjin da ake so. Idan kuma lalle sai an taɓa, ya kira ni in gaya masa adadin kayan da za mu rasa da sunayen waɗanda za su jira, sannan ya yanke. Na lura duk ranar da ya ji sunayen, yakan nemi wata hanyar, ko a ba Alhajin daga abin da ke sito, ko a roƙe shi ya jira mota ta gaba.

Akwai wani ƙaramin lissafi da nake so kowane mai sana'a ya sani, ko da walda yake yi ko aikin katako. A ce inji ɗaya ne, ga aiki uku suna jira: na awa tara, na awa biyu, na awa ɗaya. Idan ka fara da babban, mai shi zai karɓa bayan awa 9, na biyu bayan awa 11, na uku bayan awa 12. Jimillar jiran mutanen uku awa 32. Idan ka fara da ƙaramin, za su karɓa bayan awa 1, awa 3, da awa 12. Jimilla 16. Inji ɗaya, aiki ɗaya, an tashi lokaci ɗaya, amma jiran ya ragu da rabi. Masana lissafin masana'antu sun tabbatar da wannan ƙa'ida tun shekarun 1950. Tana da nata haɗarin, domin idan kullum ƙananan ayyuka ake gabatarwa, mai babbar oda zai tsufa yana jira, don haka dole a riƙa duba ranar da aka yi wa kowa alkawari. Amma ko wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa jeren aiki ba abin da za a bar wa sa'a ba ne.

Launi ma haka. Ana farawa da fari, a shiga rawaya, ruwan goro, ja, kore, shuɗi, a ƙare da baƙi. Idan aka bi wannan jeren, sabon launi yana rufe ragowar na baya cikin ɗan lokaci. Idan aka yi baƙi sannan aka ce a koma fari, sai an yi ta tura roba ana wanke cikin injin, kayan na fita da zane-zane, ana zuba su a buhu don a kai niƙa. Robar da aka niƙa kuwa a baƙin kaya ko masu duhun launi kawai take shiga. Ita wannan ƙwayar robar daga nesa take zuwa, ko daga Eleme ta jihar Ribas, ko daga Legas, ko daga waje da dala, tirela ta kwana a hanya kafin ta iso Kano. Bai kamata a ɓata ta a wankin inji ba don kawai wani ya ce shi fari yake so yau.

Mai karatu zai iya cewa, to ai sai a daina canji, a ɗora mol ɗaya a yi ta bugawa. Wannan shi ne ɗaya ramin, kuma foman da yawa a cikinsa suke faɗawa, domin abin da mai gida ke so ya ji idan ya shigo shi ne ƙarar inji. Sai a buga jan bokiti na mako guda, sito ya cika har ƙofa, alhali 'yan kasuwa shuɗin baho suke nema. Kuɗin da aka sayi roba da shi ya kwanta a sito yana shan ƙura, rana na kashe launinsa. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, na bankunan kasuwanci kuma ya fi haka. Wanda ke juya kuɗin bashi a irin wannan yanayi, kayan da ya kwana wata biyu a sito sun cinye ribarsu tun kafin a sayar. Wani lokaci alheri shi ne a kashe inji. Wannan maganar tana da wuyar shiga kunnen wanda ya zuba miliyoyi ya sayo shi, amma gaskiya ce.

Haka kuma ba injin da ya fi girma ne ke yanke yawan kayan da za su fita ƙofa ba, wurin da aiki ya fi tafiyar hawainiya ne. A wurinmu teburin saƙala wa bokiti mariƙi ne da wurin buga masa zane. Injina uku na iya zubo bokiti, amma idan masu saka mariƙi ba za su iya cin fiye da na biyu ba, na ukun tsibi kawai yake tarawa a hanya, ana tuntuɓe da shi, na ƙasa na fashewa. Don haka daga wannan teburin nake fara jadawali in dawo baya. Awa ɗaya da aka rasa a can, duk masana'anta ce ta rasa ta. Shi ya sa ko lokacin cin abinci ba na bari a bar shi ba kowa, sai dai a yi karɓa-karɓa.

Tsara jadawali rabin aiki ne. Ɗaya rabin shi ne sanin abin da ke faruwa a gaban inji awa bayan awa, kuma a nan ne muka fi rauni. Jadawali ba ya fin gaskiyar lambobin da aka gina shi a kansu. Idan mai sito ya ce akwai buhu 40 na roba alhali 25 ne, ko ofareta ya rubuta 900 alhali 150 daga ciki gurɓatattu ne, duk abin da na tsara a kai rushewa zai yi. Kuma mutane ba sa ɓoye gaskiya don mugunta, tsoro ne. A inda ake yanke wa yaro kuɗi saboda inji ya tsaya, ba zai rubuta cewa ya tsaya ba. Mun rataya ƙaramin allo a jikin kowane inji: ga abin da ake sa ran ya fitar a wannan awar, ga abin da ya fitar, ga dalili idan bai kai ba. Alli ne kawai da katako. Sharaɗin shi ne ba a hukunta kowa a kan abin da ya rubuta. Da aka tara dalilan, sai ya bayyana cewa bayan ɗaukewar wuta, abin da ya fi tsayar da mu shi ne jira: jiran makaniki, jiran launi daga sito, jiran sarƙar ɗaga mol da ke wani ɓangaren.

Wannan dabara ba tawa ba ce. Henry Gantt, wani injiniya ɗan Amurka, shi ya shahara da zanen da ke nuna kowane aiki a matsayin layi a kan ma'aunin lokaci, aka yi amfani da shi a masana'antun makamai da na jiragen ruwa lokacin yaƙin duniya na farko. A Japan kuma, bayan yaƙi na biyu, kamfanin Toyota ba shi da kuɗi ko kasuwar da za ta ba shi damar tara kaya irin na Amurkawa. Injiniyan kamfanin, Taiichi Ohno, ya kawo tsarin kati, inda wani sashe ba ya ƙera komai sai sashen da ke gabansa ya aiko masa da katin buƙata, aka kuma ba leburan layi ikon tsayar da aiki idan ya ga matsala. Wani injiniyan Japan, Shigeo Shingo, ya yi suna wajen rage lokacin canjin ƙarfen zubi daga awoyi zuwa ƙasa da minti goma. Asalin dabarar mai sauƙi ce: duk abin da za a iya shiryawa inji na aiki, a shirya shi kafin a tsayar da shi. Sabon mol ya zo kusa, sufana da kusoshi suna kan tire, tiyo a haɗe, robar launi na gaba a gauraye. Hausawa sun riga sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya fi jan hankalina a tarihin nan shi ne talauci ne ya koya wa mutanen Toyota, ba wadata ba. Kwamfuta da manhajar tsara aiki suna da amfani, ni ma ina aiki da su, amma wanda bai iya riƙe allo da gaskiya ba, ƙarya kawai zai shigar wa kwamfuta.

Sai in dawo kan wuta, domin ba zan yi kamar babu ita ba. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane kilowat a awa, daga abin da bai kai naira 70 ba, bisa sharaɗin aƙalla awa 20 a rana, daga baya aka ɗan rage. A watan Oktoban shekarar kuma mafi yawan Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo mana wuta. Kowa ya ji a jikinsa. Amma ga abin da mai tsara aiki zai ƙara: sanin lokacin da wuta za ta zo ya kusa kai yawanta muhimmanci. Idan an ce mini gobe daga ƙarfe biyu zuwa shida na yamma babu wuta, zan sa canjin mol da gyara da shara a wannan lokacin, in tayar da janareta don ƙananan injina kawai, ba abin da zan rasa sai kaɗan. Idan kuwa awa huɗun nan suka zo a gutsure, minti ashirin nan, minti arba'in can, ba sanarwa, kowace ɗaukewa tana barin rabin bokiti a cikin mol, roba ta fara sandarewa, sai an sake ɗumama inji an zubar da kayan farko. A takarda an ba mu awa 20. A gaban inji ba su kai haka ba. Ina roƙon ƙungiyar masu masana'antu ta MAN, idan ta zauna da masu rarraba wuta, kada ta tsaya kan farashi da yawan awoyi kawai. Ta nemi a riƙa ba kowane layin masana'antu jadawalin mako a rubuce, a kuma cika shi.

Saboda irin wannan ne ba na cika jadawali maƙil. Inji mai awa 24 ba na ɗora masa aikin da ya wuce na awa 19 ko 20. Masu gida kan ga kamar ɓarna ce, amma idan babu sarari, ƙaramar matsala ta safiyar Litinin sai ta bi mako har Asabar. Haka nan lissafin bazara daban yake da na hunturu. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ruwan sanyaya mol ba ya yin sanyi sosai, kowane bokiti na ƙara 'yan daƙiƙu, kuma 'yan daƙiƙun nan idan aka tara su a yini ɗaruruwan kaya ne. Ranar Juma'a ana tsara aiki da sanin cewa za a tafi masallaci. Da azumi canjin manyan mol bayan asuba ake sa shi ko da dare, ba da azahar ba. Kayan azumi irin su kofi da jug tun Rajab ake fara tara su, kayan aure kuma kafin kaka, lokacin da manoma za su sayar da amfani a shiga bukukuwa. Halin telan da ya karɓi ɗinkin kowa ana saura kwana uku salla kowa ya san shi, da yadda yake ƙarewa da abokan cinikinsa. Masana'antar da ke amsa kowace oda da "an gama" ba tare da duba jadawali ba, shi ne a babban sikeli.

Abin da ya fi sa ni ɗaukar alƙalami, Malam Edita, shi ne waɗanda ke biyan kuɗin wannan rashin tsari da jikinsu. Yaron da ya taso daga Ja'en ko Panshekara ya biya kuɗin mota ya zo aikin safe, aka ce masa babu roba, ya koma, ba aiki ba biya. Shi ne kuma jibi za a riƙe shi har dare ba tare da an sanar da shi ba, domin oda ta makara. A irin waɗannan ranakun na gaggawa ne ake ɗaure makunnin ƙofar kariya don inji ya yi sauri, gajiyayyen mutum ya miƙa hannu cikin mol don ya ciro abin da ya maƙale. Injin da ke matse ƙarfe da nauyin ɗaruruwan tan ba ya bambanta roba da yatsu. Duk wanda ya daɗe a wannan layin namu ya san wani da ya rasa hannu ta haka. Idan aka bi sawun labarin, sau da yawa a kan alkawarin da aka yi ta waya ba tare da lissafi ba zai tsaya.

Ga iyayenmu masu masana'antu, da girmamawa nake cewa: ku ware mutum ɗaya wanda tsara aiki ne kaɗai aikinsa, ku ba shi ikon ya faɗa muku farashin kowane canji ba tare da tsoron kora ba. Albashinsa na wata bai kai asarar canjin mol na banza guda biyu ko uku ba. Ɗaliban kwalejojin kimiyya da fasaha da ake turo mana koyon aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, yawancinsu sun karanta waɗannan ƙa'idoji a aji, amma sai a ajiye su a ofis suna jera fayil. A ba kowannensu agogo da takarda, a tsayar da shi a gaban inji ɗaya ya rubuta duk tsayawar da ya yi da dalilinta na tsawon wata. Shi zai koyi sana'a, mai masana'anta kuma zai ga lambobin da bai taɓa gani ba.

Kai kuma, Malam Edita, idan ka sake tura wakilinka Sharaɗa ko Challawa, bayan ya gama da manaja a ofis, ya nemi izini ya shiga ciki da misalin ƙarfe shida na safe, lokacin da 'yan dare ke miƙa wa 'yan safe aiki. Ya tambayi foman sau nawa aka sauke mol a wannan makon, da kuma nawa daga ciki ne ke rubuce a jadawalin da aka kafe ranar Asabar.

Na gode da ba ni fili. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani mai tsara aiki a masana'antar roba,
Sharaɗa, Kano.